Gilashin Kyamarar Maiwada

Maiwada ya sake kwance murfin kyamarar, ya zaro ɗan gilashin da ake leƙawa, ya hura masa iska, ya goge da bakin riga, ya mayar. Da ya leƙa, duniya na nan yadda ya bar ta, dishi-dishi.

Daga Gaya har Ajingi babu mai hoto sai shi, kuma bai taɓa bari a manta da hakan ba. Kyamararsa irin ta ratayawa a wuya ce. Sai mutum ya sunkuya ya leƙa gilashin ta sama, ya yi ta murɗa wani maɓalli har fuska ta fito tas. To, tun bara fuska ta daina fitowa.

Laifin gilashi ne mana, na wa zai zama? Ya wanke shi da sabulu. Ya wanke da kananzir. Ya juya shi ta baya, ya cusa masa takardar taba a ƙasa, ya tsine wa Turawan da suka ƙera shi. A tsakanin nan ya jingine kekensa, wai hawan keke bai dace da mai sana'a irin tasa ba. Ya kuma daina fara gaida mutane sai sun yi magana. Aka ce girman kai ne, kuma babu wanda ya yi mamaki.

Sai ga aikin Hajjin 1974. Maniyyatan Toranke suka zo hoton fasfo. Daga Kano aka dawo da hotunan gaba ɗaya, aka ce fuskokin kamar an dama fura, ba a rarrabe mace da namiji.

Maiwada ya ɗauki kyamara sai wurin Gwadabe mai gyara a Kano. Gwadabe ya leƙa gilashin, ya ɗago ya dubi Maiwada, ya buɗe baki zai yi magana.

"Ba shawara na zo nema ba," in ji Maiwada. "Sauya kawai."

Gwadabe ya sauya.

Ranar da mota za ta tafi da takardun ƙarshe, mutum ɗaya ya rage: Malam Tukur, dattijon da ya yi noman gyaɗa rabin rayuwarsa don wannan tafiya. Sauran sun lallaɓa Wudil an ɗauke su, shi kuwa ya ce ba zai kunyata ɗan gida ba.

Maiwada ya kafa baƙin ƙyalle a gindin tsamiya. Ya zaunar da Tukur kan kujera mai dogon baya, da farar babbar riga da jar dara, ya ja da baya ya sunkuya. Ya murɗa gaba, ya murɗa baya. Sabon gilashin ma ashe ɗan gidan tsohon ne. Ya durƙusa ya kwance shi, ya goge, ya lalubi 'yar ƙusar murfin da ta faɗi cikin yashi.

Aka kira azahar, jama'a suka watse.

"Yi haƙuri, Baba, yanzu za mu tarar da su," in ji Maiwada. "Kada dai ka motsa."

Ba a motsa ba. Maiwada ya ci gaba da murɗawa, gumi na ɗiga kan gilashin, har fari ya taru wuri guda, ja ya hau kansa. Ya danna. Ya ƙara dannawa don tabbaci.

Masu dawowa daga masallaci suka tsaya cirko-cirko, babu mai tari. Maiwada ya san irin wannan shirun, shirun ganin gwani ne.

"Ku koyi zama wurin manya," ya ce musu yana nuna kujerar. "Tun da na fara sana'ar nan ban taɓa samun wanda ya natsu kamar Baba ba. Ko ƙifta ido bai yi ba."

Sai aka dafa kafaɗarsa ta baya.

"Maiwada, na idar da sallar," in ji Malam Tukur, daga shi sai 'yar shara. "In ka gama da rigar da hular da na rataye a kujera, a ba ni in sa, ni ma a ɗauke ni."