Kukan Motar Baba

"Cire su duka, Salmanu, ka sa sabbi," in ji Lukman, yana leƙen bakaniken a ƙarƙashin tsohuwar Fijo 404 ta marigayi babansa. Haƙoran aksul ɗin baya sun cinye, shi ya sa take kuka kamar ana yanka akuya.

Shekara uku Lukman bai tako garinsu Lafiya ba. Ko da idon mahaifiyarsa Inna ya mutu, waya kawai ya buga. Da wannan gyaran yake so ya wanke kansa.

Ranar da aka gama, ya shigo unguwarsu ta Bukan Sidi, mota na tafiya sumul.

"Inna, na gyara motar Baba!"

Ta karkata kunne. "Ban ji shigowarta ba."

"Ai ta daina kukan nan."

Ta juyo wajen muryarsa. "Kullum ƙaninka ya dawo da ita daga gona, da na jiyo kukan daga kwana sai in ce ga babanku nan. Shi kaɗai ya rage mini."

Da gudu ya koma gareji. "Salmanu, ina tsofaffin haƙoran?"

"Oga, ai 'yan gwangwan sun kwashe tun jiya."