Matakalar da Aka Rushe

"Rushe ta, ɗana," in ji babban magini.

Yaron ya dubi matakalar da ya wuni yana ginawa. Hutun makaranta kaf shi da abokansa suka ba ƙungiyar da ke gina wa marasa ƙarfi gidaje a Kusada, kuma wannan ne aikinsa na farko shi kaɗai. Ya rushe yana ƙunƙuni, aka yi shimfiɗaɗɗiyar gangara a madadinta.

Ranar miƙa makulli sai ga mai gidan bisa keken guragu. Ya murza keken, ya haye gangarar, ya shige ɗaki, ya fito yana dariya.

"Samari, ku ba ni hanya! Shekara tara rabon da in shiga ɗaki ba a ɗauke ni ba. Sai na ƙara!"