Ramin Bayan Ɗakin Inna

Yaɓen ya sake zubewa a wuri guda, bayan ɗakin mahaifiyarsa. Shi ya gina katangar nan da hannunsa, shekarar harin Maraɗawa, da ya raba gida da ƙanensa a garin Zakka, ya rantse ko gaisuwa ta ƙare.

Ya zargi gara, ya zargi damina. Ya kwaɓa sabuwar ƙasa, ya zura hannu cikin ramin don ya ji zurfinsa.

Sai aka ɗora masa ɗan akushi mai ɗumi a tafin hannu.

Daga bayan katangar, ƙanen ya yi raɗa: “Inna, ci maza. Kada Yaya ya san ba kya ƙoshi a gidansa.”