Kwamfutar da Ba Ta Ɗaukar Wasa

"Ƙarama nake so, wadda za ta shiga jakar nan," in ji wata malamar jinya. "Kuma don Allah wadda ba ta ɗaukar wasa."

Mai shago ya zaro wata 'yar siririyar kwamfuta. "Wannan sai karatu. Ko tseren mota aka sa mata, sandarewa take."

Ta rungume ta kamar jaririya. "Saura kwana tara jarrabawa. Sau biyu wasan nan yana kayar da mutum a gidana. In aka sake faɗuwa, shi ke nan."

"Yaran zamani! Ki ƙwace tasa mana, Hajiya."

Ta sunkuyar da kai. "Ai yaron ne ya ƙwace tawa. Ya rantse sai na ci jarrabawar zai mayar min."