Waƙar Cikar Inna Saba'in

Bai kai ƙarshen baitin farko ba ya ga Inna ta ajiye kofin da ke hannunta.

Shi kafinta ne, kuma wata biyu ya yi yana sassaƙa wa mahaifiyarsa waƙar cika shekara saba'in. Kalmomin sun ba shi wuya, ya rubuta a jikin katako ya goge ya fi sau goma. Karin waƙar kuwa shi ya kawo kansa, yana tsaka da gyaran wata ƙofa ya ji shi a bakinsa. Har ya cika wa matarsa baki: "Ashe ni mawaƙi ne, zarto ne ya cuce ni."

Yanzu ga falo cike da ƙannensa da jikoki, ga Inna tana kallonsa kamar ta ga baƙo.

"Babana, a bakin wa ka ji wannan karin?"

"Nawa ne, Inna. Ni na ƙirƙiro shi."

Ta girgiza kai. Sai ta ɗauko karin daga inda ya tsaya, ta kai shi har ƙarshe ba ta kauce ba.

"Da shi nake rarrashin yayarka a gadon asibiti, kwana goma sha tara. Ranar da ta rasu na haɗiye shi. Ko sau ɗaya ban rera muku ba, daga kai har auta."

"To ni ta yaya..."

Ta ɗora tafin hannunta a kan cikinta.

"Watanka bakwai a nan. Ashe ba ita kaɗai take saurare ba."