Layukan Kaset ɗin Dogo

Hoton ya fito a kwamfutar Ɗanmalam mai shagon kaset duk layi-layi, kamar an ja matsefi a kan fuskokin mutane. Asama'u ta matso da kujera. Ɗanta na fari ne a ciki, wanda ba ta taɓa kiran sunansa ba sai dai ta ce Dogo. Shekara huɗu ke nan yana aikin gini a Libiya, a damina biyun ƙarshe ko alkawarin dawowa ya daina yi.

Bappa, ɗan ƙanen mijinta, shi ya zo da kaset ɗin daga Libiya, shi kuma ya ɗauko ta a babur daga Gidan Sori zuwa wannan shago na Gidan Rumji. Gobe zai koma, kuma so yake a ɗauki amsarta a kyamara ya kai wa Dogo.

Ɗanmalam ya ture kaset-kaset ɗin taron jam'iyyu da suka cika masa tebur tun da aka sa ranar zaɓe, ya yi mata bayani. Ya ce kyamarar tana ɗaukar kowane hoto rabi-rabi ne, sannan ta saƙa su kamar tabarma. Tele, wato talabijin, takan ɓoye saƙar, kwamfuta ba ta ɓoyewa. Ya nuna mata bangon ɗakin da ke cikin hoton, tsaf, babu layi ko ɗaya, domin a kan jarka aka ɗora kyamarar.

"Abin da ya motsa kaɗai ke yin haƙora, Inna. Abin da ke tsaye ba ruwanshi."

Bappa ya kashe hoton da sauri, ya ce kada ta ɓata idonta, a bari a gyara. Ya ja Ɗanmalam bakin ƙofa suka yi magana ƙasa-ƙasa. Ita kuwa ta shimfiɗa gyalenta a bayan shago ta yi azahar.

Da ta dawo an gyara. Ga Dogo nan sumul, daga ƙirji zuwa hula, ya jingina da bango tsakanin abokansa biyu. Ya yi ƙiba a fuska. Ya ce yana lafiya, aiki ne ya riƙe shi, bana ma a ba wani gonar ya noma.

Ba maganar gonar ce ta soke ta ba. Da ya zo kan gaisuwarta, abokan nan biyu sun tashi sun tsuguna a gaban kyamara, su da ba ita ta haife su ba. Shi ko yana zaune yadda yake, ya ɗaga mata hannu kamar ɗan takara a bayan mota. Yaron da ko ruwa zai miƙa mata sai gwiwarsa ta taɓa ƙasa.

Bappa ya tambaye ta ko ta ji daɗi, idonsa a kan makullin babur. Ta ce ya je ya kawo kyamarar, amsarta a shirye take. Tun a hanya take juya maganar, yanzu ta zauna mata: in bai dawo kafin shuka ba, ba ta yafe ba. Ta san nauyin kalmar a bakin uwa. Ta taɓa karanta hakan da kanta, harafi-harafi, a ɗan littafin da ta koyi karatu da shi. Duk da haka ba ta sake shawara ba.

Bappa ya fita ɗauko kyamarar a masaukinsa. Ta ce wa Ɗanmalam ya sake kunna mata, ta ƙara kallon abin da za ta yi fushi a kansa.

A karo na biyu ne ta lura. Can tsakiyar magana an ji ƙarar wani abu ya faɗi, wani ya yi salati, abokan suka zabura suna duban ƙasa. Dogo bai ko katse zancensa ba, sai da ya ga suna kallo sannan ya sunkuyar da kai shi ma. Ta tuna cewa a hoton farko akwai tabarma da ɗan murhun shayi. A wannan babu su.

Ɗanmalam ya sosa ƙeya. Ya ce Bappa ne ya sa a yanke ƙasan hoton, wai ba shi da kyan gani.

"Maido mini na farkon, ɗana. Mai haƙoran."

Ya ce wancan ai ba a gyara shi ba. Ta ce ta sani.

Ya kai daidai wurin ƙarar ya tsayar. Butar shayi ta kife daga kan wuta, ruwan ya yi layi, tururin ya yi layi, ƙafafun abokan da hannuwansu duk sun yage saboda tsalle. Ya matsa gaba kaɗan-kaɗan, hoto bayan hoto, tana bi da yatsa.

A waje aka ji tsayuwar babur ɗin Bappa. Asama'u ba ta waiwaya ba. Yatsanta yana kan ƙafafun Dogo biyu da suka sirance kamar kara, miƙe a kan tabarma, tafasasshen shayi na kwarara a kansu, su kuwa tsaf kamar bangon ɗakin, ko layi ɗaya babu.