Fitilar Mai Haƙar Rijiya

Malama, tun ɗazu nake jin kina kukan ba ku da ɗakin gwaje-gwaje, shi ya sa kike son a ɗage ranar da iyaye za su zo yin aikin kimiyya da 'ya'yansu. Ja kujera ki zauna, in ba ki misali.

A zamanin da muke rubutu a kan sulet, ana buga mana tsohon ƙarfen tayar mota a matsayin ƙararrawa, an turo wani matashin malami makarantar ƙauyenmu. Allah Ya jiƙan wancan zamani, aji biyu ne kacal da inuwar tsamiya, amma har yau in na wuce wurin sai zuciyata ta karye. Malamin nan yana da ilimi, yana kuma da kai, kan ya ɗan fi ilimin girma. Shekara uku ya yi yana aika takarda birni a kawo masa kayan gwaji. Kafin su zo, iyaye sun fara janye 'ya'yansu zuwa gona, suna cewa karatun nasa surutu ne kawai, ba a ga abin da yaro ya iya yi da hannunsa ba. Aji mai yara arba'in ya koma sha tara. Da aka aiko cewa akwatin kaya yana hanya, sai ya bi gida-gida yana gayyata, ya yi alkawarin ranar Laraba kowa zai gani da idonsa cewa wuta ba ta ci sai da iska. Ya sani sarai in ya kunyata a ranar, sauran sha taran ma sun tafi.

Akwatin ya iso ranar Talata a bayan motar kasuwa. Gargadar hanya ta riga ta gama da shi, duk gilasan sun zama tsaki. Abin da zai nuna bai wuce a kifa gilashi a kan kyandir ba, ko kwalbar man shafawa ma da ta wadatar, amma shi a ganinsa kimiyya ba ta shiga kwalbar da ba daga birni ta zo ba. Ranar Laraba iyaye suka cika gindin tsamiya, maza a gaba, mata a baya da goyo. Malam ya tsaya da alli yana ta bayani, gumi na bin wuyansa, har mutane suka fara laluben takalmansu. Sai wani dattijo mai haƙar rijiya, wanda 'yarsa ke cikin sha taran, ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, a gafarce ni, in na fahimta iskar da ke riƙe wuta kake nufi. Ai mu ba ma shiga tsohuwar rijiya sai mun tambayi fitila."

Akwai wata rijiya a bayan makaranta da aka daina sha, ganye ya daɗe yana ruɓewa a cikinta. Can aka ɗunguma. Dattijon ya sa aka kawo aci-balbal da igiyar guga, ya ɗaura fitilar, ya miƙa wa 'yarsa igiyar ya ce ta riƙa sakewa a hankali, yara kuma su ƙirga gaba nawa igiyar ta shiga. Muka kewaye bakin rijiya, iyayenmu na riƙe da wuyan rigunanmu ta baya. A gaba na goma harshen wutar ya fara raguwa, a na sha uku ta mutu murus, ba iska ta kaɗa ba, ba ruwa ta taɓa ba. Aka sake kunnawa, wata uwa da ɗanta suka saki igiya, ta sake mutuwa a daidai wurin. Dattijon ya ce a saro rassan darbejiya masu ganye don a kori gurɓatacciyar iskar da ke ciki, aka ɗaure su dami, kowane gida ya karɓi igiya yana zura damin yana jawowa da sauri, uba na ja, 'ya'ya na ja, ana dariya ana haki, har aka zagayo kowa. Da aka mayar da fitilar, sai ga ta tana ci har kusa da ruwa. Ban taɓa ganin mahaifina yana murna kamar ranar ba, shi da ko sunansa bai iya rubutawa ba.

Malamin nan ya dubi dattijon, allinsa a hannu. Shekara uku yana wucewa ta ƙofar gidan dattijon safe da yamma, ruwan da yake alwala da shi daga rijiyar da mutumin ya haƙa ake ɗebowa, amma bai taɓa tambayarsa komai ba bayan ina kwana. A gaban jama'a ya durƙusa ya ce, "Baba, a yafe mini. Ranar Laraba mai zuwa ma a taimaka a dawo." Ya dawo kuwa, maƙeri ya biyo shi da zugazugai, wata tsohuwa ta zo da toka da man gyaɗa ta nuna yadda ake sabulu, malam yana gefe yana faɗin dalilin kowane abu. Kafin kaka ajin ya cika, har ana zama a ƙasa.

Saboda haka kada ki ɗage ranar nan. Ki ɗauki rajista ki duba sana'ar uban kowane yaro da uwarsa, ki je ki gaishe su. Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.